Wanne kit zan saka wa Gold Wing dina ta koma ƙafa uku?

Malam, kana tambaya ne wane kit, wato kayan mayar da mashin ƙafa uku, ya fi dacewa da mashin ɗinka Honda Gold Wing 1800, kuma wa zai haɗa maka shi. Ni dai shawarata fara nemo makanikin tukuna, sannan ka ɗauki kit ɗin da ya saba haɗawa. Roadsmith, Motor Trike, California Sidecar, Hannigan, duk nan Amurka ake yinsu kuma duk suna da na Gold Wing, bambancin yana hannun mai aiki ne. Ka zaɓi wanda kowace tayar baya ke da nata sofring daban, ba mai sanda ɗaya ba, in dai madam za ta riƙa zama a baya a doguwar tafiya.

Sharaɗi ɗaya, kar ka yarda a bar maka gaban mashin yadda yake. Da zarar ya zama ƙafa uku ba ya kwanciya a kwana, da ƙarfin hannu kake juya shi, dole a saka abin da ke ƙara miƙe fok ɗin gaba, wato ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba, don kan ya yi laushi. Ni na yi rowar kuɗinsa da farko, tafiyar awa biyu kafaɗuna kamar na yini ina faskare, wallahi sati ban yi ba na mayar da shi gareji. Ka kuma tambayi makanikin wa zai ɗauki garanti in mai ya fara ɗiga ta baya.