Fatawa: Ƙirƙirar dodanni masu shan jini a wasan labari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Duk Asabar mu biyar muke haɗuwa a ɗakin abokinmu muna wasan Dungeons & Dragons. Ni ne mai jan labarin, sauran kowa da jaruminsa. Makon jiya na ƙirƙiro musu kaska mai girman bijimi tana tsotse garken shanu, da matsattsaku mai tsawon igiyar guga a cikin rijiyar gari. Yayana ya ji, ya ce kwaikwayon halittar Allah nake yi, haramun ne. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, yayanka kishin addini ya yi, Allah ya saka masa da alheri, sai dai ba inda ya taɓa ciwon yake ba.

Wasan nan ya fito ne a Amurka a 1974, amma gindinsa tatsuniya ce, kuma mu ba baƙinta ba ne. Da Dodo da Gizo aka raine mu. Labarin da mai faɗa da mai ji duk sun san ƙirƙira ce ba ya shiga babin ƙarya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai biyu cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba? Sai ya yi dariya, bai hana ta ba. Kwaikwayon halitta da aka yi gargaɗi a kansa sassaƙa sura ne da zana ta, ba siffantawa da baki ba. Alƙur'ani da kansa ya buga misali da sauro a Baƙara aya ta 26, ya ambaci kwarkwata cikin azabar mutanen Fir'auna a A'araf aya ta 133.

Ni kam kaskarka ba ta tsorata ni ba, domin na ga dodon gaske. Ina yaro na zauna kusa da wani dattijo ana naɗe masa kurkunu a jikin tsinke, farar tsutsa kamar zare tana fitowa daga idon sawunsa kaɗan-kaɗan, har makonni, ga damina gona na jiransa. Sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar, bayan doguwar wahala da Janar Yakubu Gowon ya sa hannu a cikinta. In labarinka zai sa abokanka su san darajar ruwa mai tsabta, alheri ne.

Inda na tsaya shi ne ɗan ludon da kuke jefawa, har da mai fuska 20 ɗin nan da ke yanke ko sara ya sami dodo ko ya kuskure. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasan nardu (wani tsohon wasa da ake jefa irin ɗan ludon nan a cikinsa) kamar ya tsoma hannunsa ne cikin naman alade da jininsa. A Muwaɗɗa, daga Abu Musa Al'ash'ari, an ce ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Mai Risala ma ya ce wasa da nardu bai halatta ba, kuma jumhurun malamai ba su sharɗanta sai an sa kuɗi ba. To ko hanin ya tsaya kan nardu kaɗai, ko ya haɗa duk wasan da jifa ke yanke hukuncinsa? Nan aka yi saɓani. Wasu na ganin illar caca ce, in babu ita da sauƙi. Wasu, musamman cikin Shafi'awa, sun ce illar ita ce dogaro da sa'a tsagwaronta. Na san a wasanku tunani da shawara sun fi yawa, wannan ya sa ban ce shi ne nardu kai tsaye ba. Duk da haka zuciyata ta fi natsuwa da ku ajiye jifan, mai jan labari ya riƙa yanke hukunci gwargwadon dabarar da ɗan wasa ya kawo. Mayar da jifan cikin waya bai canza komai ba. In kuwa kuɗi ya shiga, ko na shayi ne, caca ce ba tare da saɓani ba.

Sai abin da ya fi wannan nauyi. Littattafan wasan suna da alloli da masu bauta musu, da matsafa. Kada ɗayanku ya buɗe baki ya roƙi wani abin bauta ko ya karanta surkulle da sunan wasa. Tunda alƙalamin labarin a hannunka yake, cire su. Jarumanku su kashe kaskar da mashi da wuta da hikimar makiyaya.

'Yan gumakan da ake jerawa a tebur, in surar mai rai ce cikakkiya mai inuwa, Malikawa sun haramta ta ga manya. Ku sa tsakuwa ko murfin kwalba. Zanen takarda ya fi sauƙi.

In an kira La'asar kuna tsakiyar rijiya da matsattsaku, ku bar shi nan ku tashi. Ka nuna wa yayanka wannan amsa cikin ladabi, ka gode masa.

Wallahu a'alam.