Rundunar Ƙwarangwal Ta Cinye Mana Wasa, Ina Mafita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Mu takwas ne, duk 'yan unguwa ɗaya a Gwale. Kowace Asabar bayan La'asar muna haɗuwa a zauren gidanmu mu yi wani wasan dabarun yaƙi da na ƙirƙira. Na zana taswira a kwali, mutum bakwai kowa da masarautarsa, ni kuma alƙali. Shida rundunar mutane suke jagoranta, ɗaya kuma rundunar ƙwarangwal, wadda in an gama gwabzawa take tashin rabin waɗanda suka faɗi su shiga cikinta. Zagaye shida kawai muka yi mai ƙwarangwal ya mamaye rabin taswirar, har mutum biyu sun ce ba za su ƙara zuwa ba. Ga shi kuma kawuna ya ji muna maganar tashin matattu, ya ga muna jefa ɗan ludo, ya ce bai yarda a ci gaba da yi masa wannan a zaure ba. Ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, domin matashin da ya zauna ya zana taswira da hannunsa ya tara abokai bakwai suna tunani tare ya yi abin a yaba masa. Abokinka mai ƙwarangwal bai yi maguɗi ba, kuma ba lallai ne ya fi sauran basira ba. Dokar da ka rubuta ce ta ba shi nasara tun kafin a fara.

Bari mu yi lissafi. A shekarar 1916 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Frederick Lanchester ya nuna cewa idan runduna biyu masu makami iri ɗaya suna harbin juna, ƙarfin kowacce shi ne adadinta sau adadinta. Hausawa sun riga shi faɗa a taƙaice: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ɗauki mayaƙa 100 su kara da 60. Na farko ƙarfinsu 10,000 ne, na biyu 3,600. Bambancin 6,400, wato 80 sau 80. Ke nan mai 100 zai shafe abokin gabarsa ya fito da 80 a tsaye, mutum 20 kawai ya rasa.

To in mai rundunar mutane ne ya ci wannan yaƙin, da 80 zai koma gida, kuma in ya haɗu da wani mai 100 a mako na gaba kashinsa ya bushe. Amma dubi abokinka. A filin akwai gawa 80, nasa 20 da na abokin gaba 60. Ya tashi rabi, ya samu 40, ya bar filin da 120, fiye da yadda ya shigo. Ya haɗu da mai 100, ya ci shi ya rage da kusan 66, a ƙasa kuma ga gawa 154, rabinsu 77, ya tashi da 143. Kowa yaƙi yana rage shi, shi kuwa yaƙi ne abincinsa. Ko da kashin farko da ya yi sa'a ce, na biyu da na uku ba sa buƙatar sa'a. Wannan ciwo sananne ne ga masu tsara wasanni. Waɗanda suka buga wasan kwamfuta na Heroes of Might and Magic III, wanda ya fito a 1999, sun san yadda mai tashin ƙasusuwa yake tara ƙwarangwal dubbai har sauran su rasa yadda za su yi da shi.

Abin da mutane suka fi saurin yi shi ne su rage kason, su ce maimakon rabi a tashi kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan jinkirta ciwon kawai yake yi. Ni abin da na fi so shi ne a ba rundunar ƙwarangwal rauni irin nata, wanda ya dace da labarinta, ta yadda mai ita zai riƙa jin tsoro kamar yadda ake jin tsoronsa.

Mafi inganci a ganina shi ne dokar igiya. Ƙashi ba shi da hankali, dole wani ne yake jan sa. Sai ka ce kowane matsafi ɗaya ƙwarangwal 50 kaɗai yake iya riƙewa, abin da ya haura haka ya zube ƙasa. Matsafan kuma mutane ne masu rai, suna cin abinci, suna gajiya, kibiya tana kama su, kuma samun sabo sai an yi zagaye uku. In aka kashe matsafi, hamsin ɗinsa duk sun zama tarin ƙashi nan take. Da wannan doka ɗaya wasan ya sauya kama. Sauran 'yan wasa sun daina tunanin yadda za su kashe ƙwarangwal 143, sun koma tunanin inda mutum uku suke ɓoye. 'Yan leƙen asiri sun yi daraja, 'yan baka sun yi daraja, harin dare da dawakai ya yi daraja. Shi kuma abokinka ya samu abin da zai hana shi barci: ya tura matsafansa gaba su tashi sababbin ƙasusuwa a kashe su, ko ya ɓoye su a baya gawarwakin su tafi a banza.

Sai ka haɗa masa da doka ta biyu, wadda take ba masu rai zaɓi. Duk wanda ya riƙe fili bayan yaƙi, ko ya janye cikin tsari, yana iya ɓata zagaye ɗaya ya kwashe mamatansa ya binne, kuma wanda aka binne ba ya tashi. Kaga an samu ciniki na gaske: ka bi abokin gaba da ya karye, ko ka tsaya ka suturta mutanenka. Ina son wannan doka ƙwarai, domin tana sa ɗan wasa ya ga cewa girmama mamaci ba asarar lokaci ba ne ko a cikin wasa.

Akwai ƙananan gyare-gyare da za ka iya ƙarawa in ka ga dama. Lokacin hunturu ƙashi ya bushe ya tsattsage, ɗaya cikin goma ya zube kowane zagaye. Garin da ƙwarangwal suka ci kasuwarsa ta mutu, babu haraji, babu fatake. Kada dai ka zuba su duka lokaci ɗaya, kar ka wayi gari ba wanda yake son karɓar rundunar.

Su ma shidan nan ka duba su. Na lura ka ce kawai "rundunar mutane", kamar duk abu ɗaya ne. Ai kana zaune a kan taskar da masu tsara wasa a wasu ƙasashe za su yi kwaɗayinta. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ya kuma ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Ga ka da 'yan lifidi masu nauyi da tsada waɗanda ba sa juyawa da sauri, ga 'yan baka masu araha, ga dakarun ƙasa, ga barade ƙarƙashin Madaki. Ka fita ka tsaya a Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Kabuga ka dubi abin da ya rage na badala, ka tambayi kanka mutum nawa ake buƙata su tsare ƙofa ɗaya, kuma me zai faru in abokin gaba ya yi kamar zai zo ta nan ya ɓullo ta can. Ka hau Dala ka ga nisan da mai tsaro yake hangowa. Daga nan dokokin ganuwa da na tudu za su fito maka da kansu. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce wanda yake bayan ganuwa a ninka ƙarfinsa, sannan a ba shi adadin zagayen da hatsin rumbunsa zai kai. Rundunar da ba ta cin abinci kuwa ita ce gwanar zaman kewaye gari, kuma nan ne ya kamata a ji tsoronta.

Yanzu maganar Kawu, wadda ita ce ta fi nauyi. Kada ka ɗauke shi a matsayin wanda bai waye ba. Zaurensa ne, kuma abubuwa biyun da ya kama duka suna da tushe. Rayar da matattu na Allah ne Shi kaɗai, kuma kunnen dattijo ba zai ji daɗin yara suna ta maimaita "na tashi matattu" a ƙofar gidansa ba. Gyaran yana cikin labarin. Waɗannan ba matattu ne da suka dawo da rai ba, ƙasusuwa ne da azzalumin matsafi yake motsawa kamar 'yar tsana, kuma shi ne mugun labarin, kamar Dodo a tatsuniya. Ka sauya kalmar a takardar dokoki, ku riƙa cewa "ya ɗaure ƙashi" ko "ya ja ƙashi". Ƙasar wasan ta zama ƙirƙirarriya da sunayen da ka ƙaga. Ka ari tsarin ganuwa da sarautun yaƙi, amma kada maƙabartar gaske ko sunan wani sarki ko malami ko wani mamaci na gaske ya shiga taswirarka. Kada aya ko addu'a ta zama makamin wasa. Kada a sa ko naira ɗaya a kan wanda zai ci, kuma in an kira Magariba a naɗe kwali.

Ɗan ludo kuwa, akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim mai tsananin gargaɗi a kan wasan narda, kuma a kansa ne malamai da yawa suka hana wasa da irin wannan ɗan jifa. Hukunci na malamai ne, ka kai wa malaminku tambayar. Ta ɓangarena abin da zan tabbatar maka shi ne wasanka ba ya buƙatarsa, kuma zai fi daɗi in babu shi. Wasan yaƙin da Georg von Reisswitz ya gabatar wa sojojin Farusiya ta ƙasar Jamus a 1824 yana da alƙali da 'yan jifa da jadawali masu yawa, amma a 1876 wani hafsa, Verdy du Vernois, ya kawo salon da ya dogara da hukuncin gogaggen alƙali. Wasan Diplomacy na Allan Calhamer, wanda ya fito a 1959, 'yan wasa bakwai ne kamar naku, kuma babu ɗan jifa ko ɗaya a cikinsa. Kowa yana rubuta umarninsa a ɓoye, a buɗe su gaba ɗaya, wanda ya fi samun goyon baya a wuri shi ya ci wurin. Rashin sanin abin da ke zuciyar maƙwabcinka ya ishe ka fargaba. A 1963 mutane suka fara buga shi ta wasiƙa, suna jiran makonni kafin sakamako, ba su gaji ba.

Haka nake so ka yi. Rabin sa'a na farko a bar mutane su keɓe biyu-biyu su ƙulla alkawari, a bakin ƙofa ko a gindin bishiya. Sannan kowa ya rubuta umarninsa a takarda ya ninke ya miƙa maka. Abin da aka rubuta shi ne umarni, ba abin da aka yi niyya ba. Ka yanke sakamako da lissafin da kowa ya sani: adadi, da ganuwa, da tudu, da taimakon abokin alkawari. Ka ajiye taswirarka ta gaskiya daban wadda kai kaɗai kake gani, musamman inda matsafan suke, ka riƙa ba kowa rahoton abin da 'yan leƙen asirinsa suka gano kawai. Ka sayi littafi mai bango mai kauri ka rubuta kowane hukunci da ka yanke, domin ranar da irin matsalar ta sake tasowa a kan wani, littafin ne zai kare ka daga zargin son kai. Wanda bai zo ba, rundunarsa ta tsaya inda take ta kare kanta, kada a jira shi kuma kada wani ya taka masa. Wanda aka cinye masarautarsa kada ya koma gida, ka ba shi sojojin haya ko ayarin fatake ya ci gaba da ciniki da kowa. Sau da yawa ba shan kashi ne yake korar mutum ba, zaman kallo ne.

Abu ɗaya da nake roƙon ka kada ka yi: kada ka zo ranar Asabar ka ɗora wa abokinka sababbin dokoki a tsakiyar wasa. Da dokar da ka ba shi ya yi nasara, ƙwace ta yanzu zalunci ne, kuma sauran ma za su koyi cewa duk wanda ya yi gaba alƙali zai ja shi baya. Ka tara su ka ce kuskuren naka ne, ka nuna musu lissafin 100 da 60 a takarda, ka bayyana shi a matsayin wanda ya ci wannan karo. Sabon karon kuma ka sa masa iyaka tun farko, misali zagaye 12, ko wanda ya fara riƙe fiye da rabin garuruwa, kamar yadda a Diplomacy cibiyoyi 34 ne kuma mai 18 ya ci. Ka ba ɗaya daga cikin biyun da suka yi fushi zaɓin farko na karɓar rundunar ƙwarangwal.

Kafin duk wannan, ka je wurin Kawu kai kaɗai, ba ranar wasa ba. Ka tafi da takardar dokokin da ka gyara, ka durƙusa ka gaishe shi, ka karanta masa, ka nuna masa an cire ɗan ludo kuma an sauya kalmar da ta dame shi. In ya amince, ka roƙe shi ya zauna da ku a zagayen farko, takardun umarni su riƙa taruwa a hannunsa kafin a buɗe. In kuma ya ce a'a, ku ɗauke kwalinku ku nemi wani zauren, ka kuma ci gaba da zuwa gaishe shi kamar da.