Yawan ambato ne ke nuna tasirin mai bincike?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗalibar likitanci ce a Jami'ar Abdou Moumouni, nan Yamai. An ba mu aikin gabatar da wani mai bincike kan ciwon SEP (sclérose en plaques, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da ake kira multiple sclerosis da Turanci), sai na zaɓi Stephen Hauser saboda yawan ambaton rubuce-rubucensa. Shin ambato shi ne tasiri? Kuma ina ruwanmu da ciwon da ake cewa na Turawa ne?

Amsa: Ƙanwata, zaɓinki ya yi, amma dalilin da kika kawo bai isa ba.

Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005 yana da amfaninsa: mai h 40 yana da maƙaloli 40 da aka ambaci kowace aƙalla sau 40. Wannan ya nuna ana karanta mutum, iyakarsa ke nan, don ana ambaton maƙala ko da don a ƙaryata ta ne. Ni abin da nake dubawa shi ne: majinyacin da ke gabana yau, me zan iya yi masa wanda da bai yiwuwa kafin aikin wannan mutum?

Tun 1868 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya siffanta ciwon SEP a Paris. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci miyelin, rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar wayar wuta da ɓera ya cinye robarta. Sai ki ga matashiya, ido ɗaya ya dushe yana zafi in ta juya shi, ya warware, bayan watanni ƙafa ta mutu ko fitsari ya gagara riƙewa. Mata sun fi maza kamuwa, ninki biyu ko fiye.

Shekara da shekaru masana sun kafe cewa ƙwayoyin garkuwa nau'in T ne masu ɓarnar, domin abin da gwajin ɓeraye ya nuna ke nan. Hauser, a Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco, ya nace a duba nau'in B. Aka ɗauko rituximab, maganin sankarar jini da ke share ƙwayoyin B, aka gwada kan majinyata 104. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna sababbin tabunan kumburi a hoton IRM (na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa, wato MRI) sun ragu da kusan kashi 91 cikin 100. Abin da ya fi burge ni, sauƙin ya zo da wuri fiye da yadda hasashensa na farko, cewa sinadaran garkuwa da ƙwayoyin B ke fitarwa ne ke ɓarnar, zai iya bayyanawa, kuma ya bi abin da majinyata suka nuna, bai manne wa hasashen ba. Daga nan aka sami ocrelizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2017, magani na farko ga nau'in ciwon da ke ta ƙaruwa tun farko ba hutu. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rituximab cikin jerin muhimman magunguna domin SEP. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don ya fi sababbin araha.

Ki haɗa shi da Alberto Ascherio na Harvard. A 2022 shi da abokan aikinsa suka bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka ga kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin SEP sau 32. Ita kuwa wannan ƙwaya a cikin ƙwayoyin B take ɓuya. Hauser da Ascherio aka ba babbar kyautar kimiyya ta Breakthrough ta 2025. Kuma an gano ƙwayar ne a 1964 a cikin sankarar Burkitt, wadda aka fara siffantawa a jikin yara a Uganda.

Batun ciwon Turawa kuwa, gaskiya ne ya fi yawa a ƙasashen sanyi; an ƙiyasta masu shi miliyan 2.8 a duniya a 2020. Sai dai ba a tabbatar da shi sai da IRM da likitan jijiya. Yarinyar da ƙafarta ta mutu a wani ƙauyen Tahoua, aka ce iska ce, aka yi turare da rubutu, ta tashi bayan makonni don ciwon dama yakan lafa da kansa, ba ta shiga lissafin kowa ba. Wannan na ci mini rai ƙwarai.

Akwai kuma ɗan'uwansa, NMO, mai kama jijiyar ido da laka da tsanani, wanda ya fi yawa ga baƙar fata. A 2004 Vanda Lennon da tawagarta a asibitin Mayo suka gano alamarsa a jini. Bambance su wajibi ne, domin interferon beta da ake ba mai SEP yana iya tsananta NMO, alhali rituximab na taimakon duka biyun.

In kin zo kan rituximab a gabatarwarki, ki faɗa wa ƴan ajinku cewa ba a ɗaura shi sai an auna ciwon hanta nau'in B. Yana iya tayar da ƙwayar da ke kwance har hanta ta lalace, kuma masu ɗauke da ita suna da yawa a Nijar.