Amsa: Bikin 8 ga Disamba, cikin wa aka ɗauka?

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za a yi bikin ɗaukar cikin Yesu ranar 8 ga Disamba, sannan a haife shi ranar 25. Ba cikin Yesu ake nufi ba. Cikin Maryamu ne, ranar da mahaifiyarta Hannatu ta ɗauki cikinta. Ikilisiyar Katolika tana koyarwa cewa Allah ya tsare Maryamu daga zunubin asali, wato wanda 'yan Adam suka gada daga Adamu, tun farkon samuwarta, albarkacin Ɗan da za ta haifa. Paparoma Pius na Tara ya tabbatar da wannan koyarwa a 1854. Ki ƙirga wata tara daga ranar, za ki iso 8 ga Satumba, bikin haihuwarta. Bikin ɗaukar cikin Yesu kuwa 25 ga Maris ne, ranar albishirin Mala'ika Jibrilu. Labarin wannan albishir ake karantawa a Misa, wato sujadar Katolika, ranar 8 ga Disamba, daga nan ruɗanin yake samo asali.

Kada ki bari 12 ga Disamba ta wuce ki. Ranar Uwargidanmu ta Guadalupe ce, wato Maryamu, wadda ta bayyana ga Juan Diego a tudun Tepeyac na Meksiko a 1531. Talaka ne ɗan asalin ƙasar, kuma da harshensa na Nahuwatil ta yi masa magana. Wannan yana taɓa zuciyata ƙwarai.

Bukukuwan waliyyai ma suna nan a Disamba: Faransis Zabiya ranar 3, Nikolas ranar 6, Ambrosi na Milan (wanda ya yi wa waliyyi Agustin baftisma) ranar 7, Lusiya ranar 13. Daga 17 ga wata hankali yakan koma kacokan kan shirin Kirsimeti.