Hadari ya hana mu hoton iyali a Damagaram, mu jira rana ko mu haƙura?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kai ni Yamai. Bana Allah ya haɗa mu a gida lokacin hutun makaranta: ni da yarana, yayana da ke Kano da iyalinsa, da ƙanenmu da ke karatu a Faransa. Rabon da mu taru haka an daɗe. Mun shirya ɗaukar hoton iyali a waje tare da Inna, wadda shekaru sun ja, har anko muka ɗinka. Burinmu a ɗauka a Birni kusa da fada, da kuma kan duwatsu. To tun da muka zo cikin watan Agusta, kullum ko gari ya lumshe, ko hadari ya taso da la'asar. Mun sha yin shiri muna kwancewa, ga shi saura 'yan kwanaki a watse. Wayoyi ne a hannunmu, sai ƙaramar kyamarar ƙanena. Mu jira rana ta fito, ko mu haƙura mu tafi situdiyo?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya bar zumunci. Kada ku jira rana, kuma kada ku yi saurin tafiya situdiyo. Wannan lumshin da kike kuka da shi, mu masu ɗaukar hoton mutane shi muke so. Abin da za ku sauya kawai shi ne lokacin fita da wurin tsayuwa.

Bari in fara da ranar da kuke jira. Damagaram tana wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa a tsakiyar Agusta rana kan zo daidai tsakar ka wajen sha biyu da rabi, har mutum ya taka inuwarsa. Hasken da ke dukan mutum daga sama haka ba ya yi wa fuska adalci. Goshi da karan hanci su yi ta ƙyalli, ramin ido ya yi baƙi, yara su runtse ido, manya su yamutsa fuska, gumi ya wanke kwalliya. Ga kuma abin da ya fi damun mu a nan: fatarmu baƙa ce ko wankan tarwaɗa, kayan fitarmu kuwa sau da yawa farar shadda ce mai sheƙi. Idon mutum yana ganin duka biyun lokaci ɗaya, amma kyamara ba ta iyawa cikin rana tsaka. In ta gyara wa shadda, fuska ta nutse cikin duhu. In ta gyara wa fuska, shadda ta koma fari fat, aikin da maɗinki ya kwana yana yi a wuyan riga ya ɓace ɓat. Gajimare kuwa tankaɗe hasken yake yi kamar yadda rariya ke tankaɗe gari, ya sauko a baje, ba inuwa mai kaifi, sai ki ga fuska da tufafi duk sun fito, launin atamfa da lalle sun ƙara kama ido.

Sai dai hasken lumshi ma yana da nasa aibi, don har yanzu daga sama yake saukowa. Wanda ya sa hula ya karkato ta gaba, ko wadda ta jawo mayafi har goshi, idonsu zai yi duhu. Maganin abin yana cikin gidanku. Ku tsaya a bakin zaure ko bakin rumfa, kowa na fuskantar waje, mai ɗauka yana tsakar fili. Rufin zai tare hasken sama, na gaba kaɗai zai shigo, ya haska ido, bayan mutane kuma ya yi ɗan duhu, fuskoki su fito sarai. Kada ku shige ciki sosai, taku ɗaya daga bakin ƙofa ya isa. Sannan a shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa gabanku, inda ba zai shiga hoto ba, ko yara biyu su riƙe shi daga gefe, zai mayar da haske ƙarƙashin haɓa. A rage sararin sama a cikin hoton, domin farin gajimare yana ruɗar kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta duhunta mutane. Ki lura kuma da inuwar bishiyar dogon yaro, takan zuba wa fuska da farar riga wani kore-kore.

Wannan hoton na bakin zaure ina roƙonki ku ɗauke shi gobe da safe, ko da yayyafi ake yi. Ku sa ankon, ku ɗauka, ku ajiye. Dattijuwa da 'ya'yanta da ke ƙasashe uku ba kullum suke zama inuwa ɗaya ba, kuma a wurina ɗage wannan hoto don jiran sama ta washe asara ce babba. In an samu na Birni daga baya, ya zama ƙari.

Yanzu batun fita. La'asar ɗin da kuke zaɓa ita ce ta ci ku. Hadarin daminarmu yakan haɗu ne bayan ƙasa ta ɗauki zafin yini, ya taso daga gabas ya nufi yamma, galibi da yamma ko cikin dare, iska da ƙura na gaba, ruwa na biye. Safiya ta fi aminci. Rana na fitowa shida da 'yan mintoci a wannan wata, don haka daga bakwai zuwa tara lokacinku ne. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare kuwa babu kamarta a duk shekara: ruwa ya wanke ƙurar sama, ƙasa ta yi ja mai duhu, ciyawa ta tsiro tsakanin duwatsu, bangayen Birni da na Zango masu zane sun sha ruwa launinsu ya ƙara ƙarfi. Wanda ya zo hutu lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba zai samu wannan ba, sai farin sama da fatar da ta bushe. Saboda haka a goge kaya tun dare, a yi kitso da lalle tun jiya, a karya kumallo da wuri, a cika waya da caji tun da wuta, domin a damina ana yawan ɗauke ta.

Akwai wani ɗan lokaci da yamma da masu hoto ke kwaɗayi: hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, rana kuma ta yi ƙasa a yamma tana zuba jan haske. In mutane suka juya wa hadarin baya suka fuskanci yamma, hoton kan fito da kwarjini, wani lokaci har da bakan gizo a bayansu, don shi kullum yana kishiyar rana ne. Amma wannan a ƙofar gida za a neme shi, inda taku biyar zai kai ku ɗaki, domin tsakanin ganin jan bangon ƙura da isowarsa sau da yawa mintoci ne kaɗan. Kada a nufi Birni da dattijuwa da jarirai ana ganin hadari. Ki tuna kuma rana na faɗuwa wajen bakwai saura kwata, duhu yana shiga da sauri, in da gajimare ya fi haka sauri, ga sauro na fitowa daidai lokacin da zazzaɓin cizonsa ya fi yawa.

Duwatsun da kika ambata su ne na fi jin tsoro. Suna da kyau a hoto, ba musu, amma dutse mai tsayi da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili wuraren da aradu ke faɗawa ne. Ga lissafi mai sauƙi: ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin sakan uku. In kin ga walƙiya, ki ƙirga. In kin ji tsawa kafin ki kai talatin, hadarin bai fi kilomita goma da ku ba, a shiga gida ko mota, kuma a jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe kafin a sake fita. Ko babu tsawa, jiƙaƙƙen dutse yana da santsi. Ku tsaya a gindinsa ya zama bango a bayanku, hoton ma ya fi kyau haka fiye da a hau sama a cika shi da farin gajimare. Haka nan ginin ƙasa. Bangon da ya sha ruwa kwana da kwanaki ba a jingina da shi, ba a jera yara a gindinsa. Mutanen Damagaram ba su manta ba, a farkon Satumba na 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Ku ba kowane tsohon bango taku uku ko huɗu. Nisan ma yana taimaka wa hoto, don mutane sukan fi fitowa in bango ya ɗan dushe a bayansu. A sa ido kan yara kusa da tafki da kududdufi.

A fada, yayanki ya fara zuwa ya gaida dogarai, ya faɗi abin da ke tafe da ku, ya nemi izini, ya tambayi inda aka yarda a tsaya. Gidan da zanensa ya ba ku sha'awa ma a yi sallama da mai shi tukuna. Kada a juya kyamara wajen sojoji ko wurin jami'an tsaro.

Jeri kuwa, ga dabarar da nake bi in akwai tsoho a taro. A ɗauko kujera daga gida, wata daga cikin jikoki ta zauna a kai a madadin Inna, a jera kowa, a gwada haske, a gyara abin gyarawa, Inna tana mota ko inuwa tana hutawa. Sai komai ya kammala a zo da ita, minti biyar an gama, fuskarta ba ta nuna gajiya ba. Layi biyu, in mutane sun yi yawa uku, ƙananan yara a tabarma a gaba, a matso sosai kafaɗa na taɓa kafaɗa. In akwai iska, ku tsaya yadda za ta riƙa zuwa daga gaba ta ɗan gefe, ta kai mayafi baya maimakon ta rufe fuska da shi, kuma a tanadi fil. Mutum ɗaya kawai zai riƙa kiran yara, yana tsaye daf da bayan mai ɗauka. In uwa na kira ta dama, goggo na kira ta hagu, kowane yaro da inda zai kalla.

In da waya za a ɗauka, a fara goge idon kyamarar da tsumma mai laushi, domin yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon yatsa ne ya jawo. A taɓa fuskar wani da ke layin tsakiya a kan allo, a danne har ta kulle, sannan a ɗan ja hasken sama in fuskoki sun yi duhu. Kada a jawo hoto da yatsu biyu, yana rage kyansa, mai ɗauka ya matso da ƙafarsa. Salon nan da ke dusar da bayan mutum a bar shi sai hoton mutum ɗaya ko biyu, don a taro yakan cinye gefen ɗankwali da kunnen yaro. Ƙanenki kuwa ya sa saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na sakan saboda motsin yara, buɗin ido tsakanin f/5.6 da f/8 don layin gaba da na baya su fito tare, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya ɗaga shi daga 400 har 1600 gwargwadon duhun gari, kada ya ji tsoro. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ya fi wanda ya girgiza. Ya sa daidaiton launi a kan alamar gajimare don fata kada ta yi shuɗi-shuɗi. In yana so ya shiga hoton, ya ɗora kyamara kan teburi ko turmi da aka kife, ya sa agogon sakan goma. Kowane jeri a ɗauke shi sau goma ko fiye, domin a cikin mutum ashirin da wuya a rasa mai ƙifta ido.

Ƙura ta fi yayyafi illa ga kyamara. Da iska ta taso a sa ta cikin leda a ɗaure, kada a cire gilashinta a waje, kada kuma a kunna filasha cikin ƙura ko yayyafi, don za ta haska ɗigon da ke kusa hoton ya cika da fararen tabo. In an fito da ita daga mota mai sanyi gilashin zai yi raɓa, a bar ta cikin jaka mintoci kaɗan ta saba da iskar waje.

Bayan na taro, kada ku tashi sai kun ɗauki ƙananan: Inna ita kaɗai, Inna da 'ya'yanta uku, Inna da jikoki, kowace uwa da yaranta. Waɗannan su ne aka fi nema daga baya. Kafin kowa ya tuɓe anko, a buɗe hoton a faɗaɗa, a bi fuska ɗaya bayan ɗaya, in da gyara a sake nan take.

In Allah ya sa marka ta kama har ranar tafiya, bakin zaure ya ishe ku, ko ku kira mai situdiyo ya zo gida da fitilunsa, ya fi a kwashi Inna cikin taɓo. Wajen rabawa, a tura ta WhatsApp a matsayin fayil, don in an tura kamar hoton yau da kullum yana matse shi, in an zo wankewa babba sai ya farfashe. Ku wanke guda ɗaya babba tun kuna gari, a sa masa gilashi, a rataye wa Inna a bangon da ba ya tsatsafo.