Tambayoyinku: Fiyanon lantarki, waya, da yaron da ya fara gajiya da koyo

Tambayoyin da suka shigo a wannan karon sun karkata wuri guda, daga iyayen da yaransu ke koyon fiyano. Na zaɓi biyar daga ciki.

Malam, ɗiyata shekararta 8. Ta fara koyon fiyano da ɗoki, amma yau wata huɗu ke nan, sai na yi ta fama da ita kafin ta zauna. Muna da fiyanon lantarki a gida. An ce in sauke mata manhajar koyo a waya. Ko za ta taimaka?

Hajiya, za ta taimaka, amma kafin ki sauke komai ki duba jikin fiyanon naku. Yawancinsu suna da maɓallin naɗar kiɗa, kuma a gidaje da yawa ba a taɓa latsa shi ba. In naku ba shi da shi, manhajar naɗar murya ta wayarki ta isa.

Abin da ke kashe wa yaro gwiwa a irin wannan lokaci shi ne ya daina jin ci gabansa. A makonnin farko kullum da sabon abu, yau sunayen madannai, gobe 'yar waƙa da hannun dama. Da an zo haɗa hannu biyu sai tafiya ta yi nauyi, yaro ya ga kamar a wuri ɗaya yake tsaye, alhali yana matsawa. Ki naɗa abin da ta kaɗa yau, da kurakuransa da komai, ki sa masa kwanan wata, ki ajiye. Bayan mako biyu ko uku ki kunna mata. Na taɓa zama kusa da wani yaro ɗan shekara 9 ranar da aka yi masa haka. Ya sunkuyar da kai yana saurare, da aka zo inda kiɗan ya tsaya cak yana laluben madanni da hannun hagu, sai ya ɗago ya ce, "Ai yanzu ba na tsayawa a nan." Ba wanda ya ce masa ya je ya gwada, da kansa ya koma kan kujera.

Ki rage tsawon zaman. Minti goma zuwa sha biyar kullum ya fi mata awa guda a rana ɗaya, domin yatsu da maimaici suke koyo. Minti uku na ƙarshe kuma ki bar mata su, ta canza muryar fiyanon zuwa ta jita ko ta goge ko duk wadda ta ga dama, ta sake kaɗa darasin da ita. A wurinta wasa ne, amma ta maimaita darasin. Fiyanon kuma ya zauna inda mutanen gida ke kai da kawowa, a buɗe, a jone, yadda in ta gifta za ta iya taɓa shi.

To, sai batun manhaja. Irin su Simply Piano da Flowkey suna sauraron abin da yaro ya kaɗa, su nuna masa nan take ko ya dace. Wannan amsa ta gaggawa tana jan yara sosai. Iyakarsu dai ita ce ba su da ido. Manhaja ta san wane madanni aka danna da lokacin da aka danna shi, amma ba ta ganin da wane yatsa, ba ta ganin wuyan hannu ya sage ko kafaɗa ta ɗage. Yaro na iya tara taurari da yatsa biyu kawai, ya saba da abin da malami zai yi watanni yana warwarewa. Saboda haka ni a ganina manhaja abokiyar maimaici ce tsakanin darasi da darasi, malaminta ne zai faɗa miki ɓangaren da za ta riƙa yi. Ki kashe sanarwa a wayar kafin ki miƙa mata, ki kuma duba sharuɗɗan gwajin kyauta, don yawanci da kwanakin sun cika sai cirar kuɗi ta fara da kanta.

Zan saya wa ɗana fiyanonsa na farko. Na ga mai madanni 61 mara nauyi, na ga mai 88. Bambancin yawan madannai ne kawai?

A'a Malam, babban bambancin yana ƙarƙashin yatsa. Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a birnin Filorans na Italiya wajejen shekarar 1700, kuma sabon abin da ya zo da shi shi ne 'yar guduma mai bugun tsirkiya. In ka danna a hankali sauti ya fito a hankali, in ka danna da ƙarfi ya fito da ƙarfi. Sunan kayan kiɗan ma daga kalmar Italiyanci mai nufin "a hankali" ya samo asali. Fiyanon lantarki ba shi da tsirkiya. Sautin fiyano na gaske aka naɗa aka adana a cikinsa, ko kuma kwamfutar ciki ta ƙirƙiro shi, sannan ƙarƙashin kowane madanni akwai abin da ke auna saurin saukarsa. Masu kyau suna da nauyi da aka sa wa madannan don su yi kama da motsin gudumar nan.

Cikakken fiyano madanni 88 ne, farare 52 da baƙaƙe 36. In ɗanka yana zuwa wurin malami mai fiyano na gaske, ka sayi mai 88 mai nauyi, in ba haka ba kullum ya je darasi zai ji madannan sun yi masa tauri. In kuwa gwada sha'awarsa kake yi, mai 61 zai riƙe shi shekarar farko, da sharaɗin yana bambanta dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi. Wanda ba ya yin haka, kar ka saya.

Ba zan ɓoye maka ba, fiyanon katako mai kyau da ake kula da shi ya fi zurfin murya. Sai dai tsirkiyoyinsa sun haura 200, zafi da danshi suna sauya ɗaurinsu, dole a kira mai saiti sau ɗaya ko biyu a shekara. Yaron da ya koya a kan wanda saitinsa ya kauce, kunnensa ne zai saba da kuskure. Na lantarki ba ya kaucewa, ana rage masa murya, yana da na'urar ƙidayar bugu a ciki, kuma da yawansu ana raba madannansu gida biyu masu murya iri ɗaya, babba da yaro su zauna gefe da gefe. Ka kula da tsayin kujera ma: gwiwar hannunsa ta yi daidai da madannai, in ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba a sa masa abin takawa.

Manhajar tana cewa yarona ya yi kuskure alhali daidai ya danna. Wayar ce ta lalace?

Da wuya. Ta makirfo manhajar ke saurare, don haka ƙarar fanka ko hirar mutane na rikita ta, balle in an danna madannai uku tare. Maganin shi ne ka haɗa wayar da fiyanon da kebul. Tun 1983 kayan kiɗan lantarki ke da yaren da suke magana da shi, wato MIDI. Ba sauti yake aikawa ba, saƙo ne: madanni kaza aka danna, da ƙarfi kaza, aka saki a lokaci kaza. Ka duba bayan fiyanon, za ka ga rami mai kusurwa huɗu, sau da yawa an rubuta "USB to Host" a kansa. Kebul ɗin firinta ne ke shiga nan. Ɗaya bakin kuma sai ka sa masa 'yar mahaɗar OTG zuwa wayar. Android na gane MIDI tun daga sigar 6.0. Ga mai iPhone, daga 15 zuwa sama ramin USB-C ne, na ƙasa da haka kuma sai da mahaɗar Lightning zuwa USB. In matsalar ta ci gaba, ka duba ko yaron ya taɓa maɓallin da ke sa muryar madannai ta ƙara kaifi ko kauri (ba na ƙarar sauti ba), ka mayar da shi sifili.

Na haɗa hedifon na Bluetooth don kar a dami maƙwabta, amma sautin yana makara.

Haka Bluetooth yake da sauti. Sai an matse shi an aika an sake buɗewa, jinkirin kan kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye. A kallon bidiyo ba ka lura, amma mai kiɗa zai ji yatsansa ya sauka kafin sautin ya iso, kuma wannan na ɓata wa yaro bugu. Ka koma mai igiya. In ramin fiyanon babba ne, na milimita 6.35, akwai 'yar mahaɗa da ke mayar da shi na 3.5. Ka riƙa sa hedifon ɗin a kunnenka kafin ka ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarfin sautin da yara ke saurara ya wuce desibel 75 na awa 40 a mako. In ka yi masa magana daga kusa bai ji ka ba, a rage.

Fedar da na saya tana aiki a juye: in an taka sauti ya yanke, in an ɗaga ƙafa ya daɗe.

Ba ta lalace ba, Malama. Feda, wato abin takawa da ƙafa, aikinta shi ne ta sa sauti ya daɗe in an taka ta. Fiyano da yawa suna duba matsayin feda ne a daidai lokacin da aka kunna su, in ƙafar yaro na kanta a lokacin sai su ɗauki takawa a matsayin saki. Ki kashe fiyanon, ki tabbatar fedar na jone kuma ba kowa a kanta, ki sake kunnawa. In bai gyaru ba, ki kifa fedar, a ƙarƙashinta ko a gefenta akan sami ɗan makunni, ki tura shi ɗaya ɓangaren.