Tambaya da Amsa: Ina son komawa garin keke, amma kada haya ta cinye ni

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Yaya. Shekara 4 ke nan da na kamu da son hawan keke a duwatsu. Ina zaune a wani babban birni a Amurka, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, tudun da ya fi kowanne tsawo a cikinsa gadar sama ce. Sai na yi tuƙin awa 2 da rabi kafin in kai turbar da ta amsa sunanta, shi ya sa bai fi sau 2 a wata nake hawa ba. Ga haya tana cin kusan rabin albashina. Yanzu wurin aikina sun yarda in riƙa aiki daga gida ta intanet, ko ina nake a cikin ƙasar. Ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara 5 mun yanke shawarar tashi. Abokan hawa sun rabu: wasu sun ce Moab, wasu sun ce Bentonville, wani kuma ya ce in faɗa ko wane gari ne a Kolorado. Wanne zan ɗauka wanda ba zai talauta ni ba?

Ƙaninka mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin in taɓa garuruwan abokanka, bari in ba ka labarin wautar da na tafka, don na ga kana shirin bin sawuna.

Ni ma na taɓa tashi saboda keke. Na zaɓi gari mai suna, irin wanda in ka faɗa wa mahaya a can kake sai ka ga idonsu ya yi haske. Da na je neman gida sai na tarar cikin garin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, na kama haya a wata unguwa mai nisan minti 40 a mota, ina ce wa kaina ai minti 40 ba wani abu ba ne. Ga yadda minti 40 ɗin ke kasancewa ranar aiki: ka tashi ƙarfe 5 da rabi, ka cire tayar gaba, ka cusa keken a bayan mota yana goga maka baƙin mai a kujera, ka dawo ɗaukar hular kwano, ka sake dawowa ɗaukar gorar ruwa. Ka shiga cunkoso. Ka isa bakin turba ka tarar babu wurin ajiye mota, ka yi zagaye biyu. Kana ɗaura taya rana tana jan jiki bayan dutse. Akwai ranar da na isa na buɗe bayan mota na ga babu sandar da ke ɗaure tayar gaba, tana can kan tabarmar ƙofar gida inda na ajiye ta don in ɗaure igiyar takalmi. Na zauna a mota ina kallon mutane suna wucewa. A littafin da nake rubuta hawana, shekarar nan duka sau 31 na hau. Inda nake yanzu ba wanda ya san sunansa, turbobinsa ma ba na a-zo-a-gani ba ne, amma minti 12 ne a kan keke daga ƙofata zuwa inda kwalta ta ƙare, kuma da wuya mako ya fita ban hau sau 3 ba.

Saboda haka ma'aunina guda ne: ranar Talata da yamma, bayan ka rufe kwamfuta, za ka iya fita daga gida a kan sirdi, ka hau awa ɗaya, ka dawo kafin a kwantar da yarinya? Hawan Asabar kowa na iya samu, ko a inda kake yanzu kana samu. A jihar Kolorado akwai garin Grand Junction, turbobin da ke bakin garin sunansu Lunch Loops, wato zagayen lokacin cin abincin rana, saboda mutanen gari kan fita hutun rana su zaga su koma bakin aiki. Irin wannan kake nema.

To, Moab ta jihar Yuta. Babu mahayin da bai kamata ya je ba ko sau ɗaya. Turbar Slickrock, wadda masu babur suka fara shatawa a 1969, kusan kilomita 17 ce a kan falalen dutse ja mai riƙe taya kamar an shafa danƙo. Akwai kuma wadda ake kira Whole Enchilada, da ke farowa sama da mita 3,300 a tsaunukan La Sal ta gangaro har bakin kogin Kolorado. Amma garin bai wuce mutum 5,000 da 'yan kai ba, gandun daji biyu na ƙasa, Arches da Canyonlands, suna kwararo masa baƙi, gidaje da yawa sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, masu aiki a garin kansu wahalar muhalli suke sha. Da bazara zafi kan haura digiri 38, sai ko ka fita da asuba. Gari mafi kusa da za a kira babba shi ne Grand Junction ɗin nan, tazarar kusan kilomita 180. Wurin ziyara ne. Ban ga dalilin da za ka kai mace da 'yar shekara 5 can da sunan neman sauƙi ba.

Bentonville ta jihar Akansas labarinta daban. Nan ne hedikwatar kamfanin Walmart, kuma iyalan Walton da suka kafa shi, musamman jikoki biyu, Tom da Steuart, sun zuba dukiya wajen gina turbobi. Turbobin Slaughter Pen daga gefen tsakiyar gari suke farawa, ga kuma hanyar keke mai daɓe ta Razorback, kusan kilomita 60, da ta haɗa garin da Fayetteville. Ta fuskar ma'aunin Talata da wuya ka sami wanda ya fi shi, kuma 'yarka za ta sami turbobi daidai ƙafarta. Sai dai abokanka labarin da suke ba ka ya tsufa. A ƙidayar 2010 mutanen garin sun ɗan haura 35,000, a ta 2020 sun haura 54,000, kuɗin gida kuwa ya bi sahu. In zuciyarka ta kwanta da yankin, leƙa maƙwabta irin su Bella Vista, wadda ke da nata turbobin, ko Springdale. Ka kuma sani tuddan Ozark gajeru ne, hawa da sauka ne ba tsayawa, ba za ka sami gangarar rabin awa ba. Da zafi ga gumi ga kaska.

Wannan tashin farashi ba a Bentonville kaɗai ya faru ba, haka abin yake tafiya. Squamish a Kanada garin masu yankan katako ne a da, masana'antar takardar da ke kusa da shi ta rufe a 2006, aka gyara titin Vancouver zuwa Whistler saboda wasannin Olamfik na 2010, yau talaka ba ya tunkarar gida a can. Boise ta Idaho ma sunan araha ta yi, har zuwa 2020 da 2021 lokacin da masu aiki daga gida irinka suka yi mata caa. Duk garin da ka ga sunansa a jerin "garuruwan keke masu araha", dubban mutane sun riga ka karanta jerin.

Shi kuma mai cewa ko wane gari a Kolorado, ka gaya masa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ganin dutse ta taga ba ya nufin an yarda ka hau shi da keke. A Amurka duk yankin da aka keɓe a ƙarƙashin dokar kare daji ta 1964 keke ba ya shiga, kuma yawancin turbobin gandun daji na ƙasa na masu tafiya a ƙafa ne. Abin dariya ma, gundumar Marin ta Kalifoniya, inda su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly suka raini wannan wasa, inda aka fara tseren gangarar Repack a 1976 da tsofaffin kekuna masu birkin feda da ke ƙone girisinsu kafin a kai ƙasa, ta shafe shekaru mafi yawan siraran turbobinta a rufe ga keke. Ga tsada a kai. Don haka kada ka dubi taswirar duwatsu, buɗe manhajar Trailforks mai taswirar turbobin keke ka ga turbobin da aka halatta, sannan ka dubi taswirar manhajar Strava mai nuna inda mutane ke bi da gaske. Ka sa adireshin gidan da kake tunanin kamawa, ba tsakiyar gari ba, ka auna.

Sai ƙasa da yanayi, waɗanda kusan kowa ke mantawa da su. Kilomita nawa gari yake da su bai kai wata nawa ake hawansu muhimmanci ba. Ƙasa mai tsakuwa da duwatsu tana tsotse ruwa, a yi ruwa da dare ka hau da yamma. Mai yumɓu kuwa sai ta yi kwanaki, in ka matsa ka shiga ta liƙe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi juyawa, ka dawo da shi a kafaɗa, ka kuma bar wa masu gyaran turba rami. Duluth ta Minesota, a bakin tafkin Superior, tana da doguwar turba da ta ratsa garin daga wannan kai zuwa wancan, kuma gari ne da mai albashi ke iya zama. Amma ƙanƙara na rufe shi watanni, sai da keke mai taya inci 4 ko 5, lokacin narkewa kuma a rufe turbobi har su bushe. In kai da maiɗakinka ba ku saba da irin wannan sanyi ba, araha ba ta ado.

Da ni ne kai, garuruwa biyu zan fara dubawa. Na farko Knoxville ta Tenesi: mutum kusan 190,000, akwai babbar jami'a, kuma a kudancin garin, tsallaken kogi kaɗan, akwai turbobi fiye da kilomita 80 da suka sarƙe cikin unguwanni. Jihar ba ta karɓar haraji a kan albashi, ko da yake tana fanshewa a harajin saye. Na biyu Roanoke ta Bajiniya, mutum kusan 100,000: dutsen Mill Mountain a cikin garin yake, ga dajin Carvins Cove a gefe mai turbobin da za ka shekara ba ka gaji da su ba. Duk biyun ana hawa mafi yawan shekara. In kuma hamada da jan dutse ne suka tsaya maka a rai, Grand Junction ta fi Moab dacewa da mai iyali, kuma Moab ɗin tuƙin awa 2 ne, ka je ka more ka dawo gidanka. Abin da ya haɗa ukun nan shi ne suna da abin yi ban da keke: asibiti, makarantu, filin jirgi, ayyuka. Garin da ke cin abinci da baƙi kaɗai shi ke tsawwala wa mazauna.

Wannan ya kawo ni kan aikinka. Kafin ka ɗaure kaya, sa su rubuta maka cewa albashinka ba zai ragu ba in ka koma wata jiha, don wasu kamfanoni kan daidaita albashi da tsadar wurin da ma'aikaci yake. Ka kuma tambayi kanka: in aikin nan ya ƙare bana, akwai wanda zai ɗauke ni a garin? Lissafin haya kaɗai yaudara ne. Gida mai sauƙi a bayan gari da zai tilasta muku mota ta biyu ya cinye rarar. Sa kuɗin jirgin zuwa ganin dangi a ciki, da inshorar lafiya, ka kuma duba akwai likitan ƙashi a kusa. Ba fata nake maka ba, amma duk mai wannan wasa ya san karayar kafaɗa.

A wasiƙarka ka ce "mun yanke shawara", amma duk dalilan da ka jero naka ne. Ita me za ta samu? Na ga gidajen da mijin ke dawowa daga turba baki har kunne, matar kuwa ba ta da ko wadda za ta yi wa sallama. Irin wannan ƙaura ba ta kai shekara 2. A bar mata zaɓin unguwa da makarantar yarinya, kai ka roƙi alfarmar nisan turba kawai.

Kada ka sayi gida shekarar farko, kama haya. Kafin hayar ma ku je ku yi mako guda, kuma ku zaɓi watan da garin ya fi muni, Agusta a Knoxville ko Grand Junction, ba lokacin da ake ɗaukar hotunan talla ba. Gani ya kori ji. Ku sauka a unguwar da aljihunku zai iya, ka yi aikinka na yini kamar kullum, da yamma ka fita a keke daga ƙofa kana duba agogo. Ka lura ko akwai babban titin da sai ka tsallaka, irin wanda ba za ka yarda 'yarka ta bi ba nan da shekara 5.

Washegari ka tura keken shagon gyara, ko da birkin lafiyarsa lau, ka ce a duba maka. Yana cikin aiki ka ja makaniken da hira: wace turba ke fara bushewa bayan ruwa, su wa ke gyaran turbobin, yaushe suke fita aikin gayya. Sannan ka tambaye shi a ina yake zaune. In ya ce nan bayan layin nan ne, garin zai ɗauke ka. A garin nan mai suna da na ba ka labari, sai bayan na sa hannu a takardar haya na yi wa makanikena wannan tambaya. Ya goge hannu da tsumma, ya nuna mini wata tsohuwar motar kaya da ke ajiye a bayan shago, an rufe tagoginta da kwali.